Tarwada dubu a bayan gida: littafin aikin kiwo

Asabar, 22 ga Yuni, 2024

Yau muka zubar da ruwan jiƙo na ƙarshe daga tankunan biyu. Kowanne mita 3 ne tsawo, mita 3 faɗi, zurfinsa ya ɗan haura mita 1. Magini ya gama shafe tun kafin Babbar Sallah, amma sabon siminti yana da kaifi, in ka yi gaggawar zuba kifi sai ka wayi gari ka tarar da su ciki a sama. Shi ya sa na cika su da ruwa, na jefa kututturen ayaba a ciki, na bar su suka kwana 12. Ni da ɗan ƙanena muka dirje bangon da buroshi har sai da hannu ya daina jin santsin siminti.

Mahaifina masunci ne, mutumin Yauri. Ni kuwa boko ta ɗauke ni tun ina ƙarami, ta ajiye ni a nan Kura ina koyarwa, ban taɓa iya jefa birgi ya buɗe yadda ya kamata ba. Duk lokacin da na je gida abin da nake ji ɗaya ne: ruwa ya daina bayarwa. Sai na ƙudurta cewa duk tarwadar da na kiwata a bayan gida, nauyi ne na rage wa kogi. A farkon watan nan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya ce a 2022, karo na farko a tarihi, abin da aka kiwata a ruwa ya zarce abin da aka kamo: tan miliyan 94.4, wato kashi 51 cikin 100. Na karanta na ji kamar da ni ake.

Asabar, 29 ga Yuni

'Ya'yan kifi sun iso da asuba, guda 1,000, cikin jarkoki huɗu da aka yanke wa baki. Kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ban juye su kai tsaye ba. Na sa jarkokin a cikin tanki, ina ɗiban ruwan tankin da kofi ina ƙara musu kaɗan-kaɗan har kusan rabin awa, don kada bambancin sanyin ruwa ya buge su. 500 a tankin gabas, 500 a na yamma. Yau babu abinci, sai gobe.

Asabar, 6 ga Yuli

23 sun mutu a makon farko, yawancinsu a kwana biyun farko. Wahalar hanya ce. Na watsa ɗan gishiri a ruwan, mutuwar ta tsaya tun Laraba. Ana ba su abinci mai ƙwayar milimita 2, sau uku a rana. Da zarar inuwar yaron, ɗan ƙanen nawa, ta faɗa kan ruwa sai ka ga wurin ya tafasa.

Asabar, 20 ga Yuli

Na buɗe buhu na uku. Ina zaune ina jiran a kawo wuta in tayar da famfo, sai na juya buhun na hau karanta abin da aka rubuta a bayansa, abin da ban taɓa yi ba. A jerin kayan haɗin akwai waken suya, masara, alkama, sai garin kifi da man kifi. Na daɗe ina kallon wannan layin. Wato kifi nake ba kifi.

Ba wai ban taɓa jin labarin ba ne, amma ji daban, riƙe buhun a hannu daban. Na shafe daren ina bin zancen a waya. Mafi yawan garin kifin duniya daga ƙananan kifayen teku ake yinsa, masu yawo garke-garke kusa da saman ruwa. Ƙasar Peru ce kan gaba, da wani ɗan kifi mai suna ancobeta. A 2023, da ɗumin ruwan El Nino ya taso, gwamnatin ƙasar ta soke kakar kamun farko gaba ɗaya saboda yawancin abin da ke ruwan ƙanana ne da ba su isa ba, farashin gari da man kifi ya yi sama a ko'ina. Mu nan muna ta ɗora tsadar buhu a kan dala, kuma gaskiya ce, amma ashe har da ruwan wata nahiya a cikin lissafin.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na nan kusa, gaɓar Afirka ta Yamma. A Nuwadibu ta Muritaniya masana'antun niƙa kifi sun yi yawa cikin 'yan shekaru, akwai wasu a Senegal, akwai a garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong na Gambiya. Kifin da suke niƙawa, sardinela da bonga, shi ne abincin talaka a can. 'Yan Senegal suna kiran sardinela yaboy, mata suna bandarsa ana kai shi har ƙasashen da ba su da teku. Ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets sun fitar da rahoto a 2021 suka ce fiye da tan rabin miliyan na irin wannan kifi ake kwashewa daga ruwan yankin duk shekara a mayar da shi gari da mai, a tura Turai da Asiya. Kuma sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na gari.

Na ɗauki biro na yi lissafin 'yan aji uku. A ce kashi 10 cikin 100 kacal na buhun nan mai kilo 15 garin kifi ne. Kilo ɗaya da rabi ke nan, wanda ya ci ɗanyen kifi kilo 6 zuwa 7 da rabi. Buhu 40 fa? Daga Kano zuwa bakin teku a Legas tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, ban taɓa sa ƙafa a ruwan gishiri ba, amma ga tarwadata tana kiwo a cikinsa. Wancan rahoton da ya faranta mini rai a watan jiya, a cikinsa ne kuma aka ce kashi 37.7 cikin 100 na nau'o'in kifin teku da ake bibiya ana kama su fiye da yadda za su iya mayar da gurbi. Wannan shafin na tsallake shi a karatun farko.

Asabar, 10 ga Agusta

Makon jiya ba a yi maganar kifi ba. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke ranar 1 ga wata, aka sa dokar hana fita a Kano, abincin da nake shirin shiga gari in sayo ya gagara. Muka koma ba su sau ɗaya a rana, rabin abin da suka saba.

Yau muka rage ruwa muka ƙirga. 902. Ya kamata a ce 977 ne. Babu gawa ko ɗaya, babu tsuntsun da zai shiga saboda ragar da ke sama. Yaron ya ɗago wani ƙato da ya ninka 'yan uwansa sau huɗu, ya ce, "Baffa, ga ɓarawon nan." Cikinsa tim, wutsiyar ɗan uwansa tana leƙowa daga bakinsa. Irinsa 14 muka tsamo muka kai su durom. Laifina ne. An gaya mini a riƙa tantance su duk mako biyu, na yi ta cewa sai Asabar mai zuwa, ga yunwa ta zo ta ƙarasa aikin.

Sauran 888 muka raba daidai, 444 kowane tanki, manya da ƙanana a gauraye yadda ba wanda zai fi wani. Daga yau gwaji ya fara: tankin gabas zai ci abincin buhu zalla, na yamma zan nemo masa abin da zai rage masa dogaro da garin kifi.

Asabar, 17 ga Agusta

Na je wurin wani mai haɗa abincin kifi na gida, da ɗan injinsa na murza ƙwaya. Farashinsa ya yi ƙasa da na buhu sosai. Na ce ya nuna mini kayan haɗin. Ga tunkuza, ga gasasshen waken suya, ga dusa, sai wani buhu da ƙarninsa ya cika shagon. Na zura hannu na ɗebo. Busassun ƙananan kifaye ne farare, kamar an yanka azurfa. Ban buƙaci a gaya mini ba, warangi ne, irin wanda muke ci da garin rogo muna yara. A cikin tafin hannuna na tsince 'ya'yan karfasa uku da wani ɗan giwan ruwa da bai kai rabin ashana ba. Na tambaye shi daga ina, ya ce daga wajen Kainji ake kawowa.

An gudu ba a tsira ba. Ina ƙoƙarin sakin tekun Muritaniya, sai ga ni na kama ruwan gidanmu.

Da dare na kira Kawu a Yauri. Bayan gaisuwa na ba shi labari, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai ɗan nan, yau ka sani? Da can masu kaji ke saye, yanzu ku masu tanki kun shigo, kuɗinsa ya tashi. Yaro ya ga kamun dala yana kawo kuɗi a dare ɗaya, ka ce masa ya ajiye?" Na ce, "Kawu, ai na ji an hana dala." Ya ce an hana, tun zamanin da Jamusawa suka yi aiki da masunta a tafkin Kainji, a shekarun 1990. Sai ya yi shiru, ya ce in gaida yara.

Ga wanda bai sani ba, dala ƙaton taru ne da ake ja zuwa gaɓa, idonsa kamar na gidan sauro. Warangi shi kansa ƙaramin kifi ne ko ya girma, kamunsa ba laifi ba ne. Matsalar ita ce tarun ba ya tambaya, yana haɗawa da 'ya'yan manyan kifaye da ke fakewa a bakin ruwa.

Ban sayi abincin ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Na yanke shawarar kiwon tsutsar baƙin ƙuda, wanda ake kira ƙudan soja. Bai yi kama da ƙudan gida ba, ya fi kama da zanzaro, ba ya cizo, ba ya sauka kan abinci. Tsutsarsa ce abin nema: in an busar da ita kusan kashi 40 cikin 100 furotin ne, ga mai. Ƙwan ya zo mini daga kudu a motar haya, manne a jikin 'yan guntayen kwali, kamar an barbaɗa garin masara.

Na kafa robobin wanki shida a kan benci a ƙarƙashin rumfa, ƙafafun bencin cikin gwangwanayen baƙin mai saboda tururuwa. Abincinsu dusar awara daga matan unguwa, dusar masara, da ruɓaɓɓun kayan marmari da wani ɗalibina mai kai kaya 'Yan Lemo yake kawo mini a buhu.

Uwargida ta tsaya daga nesa, gyale a hanci. "Malam, yanzu da ilminka da komai tsutsa za ka kiwata mana a gida? Wa zai ci kifin?" Na ce ita tarwadar kogi da take yabo, tana zaton shinkafa take ci? Ba ta yi dariya ba. Amma tambayarta tana da tushe, don mutane suna ƙyamar dabbar da ta rayu a kan ƙazanta, kuma akwai maganar a fiƙihu. Na yi mata alkawari, na kuma rubuta a nan: babu kashin kaji, babu mushe, babu kayan mahauta. Abin da tsutsar za ta ci, abin da akuya za ta iya ci ne.

Asabar, 21 ga Satumba

Robobi biyu sun lalace. Na cika musu ruwa, dusar ta yi tsami, ƙudan gida ya mamaye, warin ya kai har zaure. Sauran huɗun da na bari da ɗan danshi kawai, yadda in ka dunƙula a hannu ba ya ɗiga, sun yi kyau. In ka tura hannu cikin dusar za ka ji ɗumi kamar tuwon da aka sauke ɗazu, ƙasan yana motsi gaba ɗaya. Kwana 4 ƙwan ya yi ya ƙyanƙyashe, yau kwana 10 da fara cinsu, sun yi fari sun yi ɓul-ɓul.

Na tace kilo 2 da rariya, na wanke, na watsa a tankin yamma. Daƙiƙa kaɗan suka yi suna shinshinawa, daga nan sai faca-faca, ruwa har fuskata. Abincin buhu bai taɓa sa su wannan haukan ba.

Waɗanda suka fara yin baƙi na ware su a kejin gidan sauro a inda rana ke bugawa, su zama ƙudaje su yi mini ƙwai, in huta da saye.

Asabar, 5 ga Oktoba

Awo na farko tun rabuwa. Kifi 30 daga kowane tanki a kan sikeli. Gabas: matsakaicin nauyi giram 340. Yamma: 315. Tankin yamma yanzu yana cin abincin buhu da safe, tsutsa da yamma. Ruwansa ya fi saurin yin maiƙo a sama, sai na riƙa sauya shi duk kwana biyu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun farkon makon nan babu wuta, ba mu kaɗai ba, kusan duk Arewa. Litar fetur ta haura naira 1,000. Rijiyar burtsatsen da muke jan ruwa da famfon lantarki take aiki, ƙaramin janaretana kuwa ya tayar da shi sau biyu ya ce ga garinku nan.

Tarwada tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe karfasa cikin awa guda. Wannan juriyar ce ta yaudare ni. Na ga suna hawowa suna shaƙa suna komawa, na ce ai lafiya lau. Ashe kashinsu da ragowar abinci suna ta tara gubar amoniya a ƙasa. Ranar Laraba ruwan ya yi kauri ya koma ruwan toka, wari ya canza. Alhamis da asuba yaron ya buga mini ƙofa. Suna rataye a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakinsu ya yi fari ya fara cinyewa, wasu fatar ta saɓule.

61 a gabas, 38 a yamma. Kifin da ya kusa rabin kilo. Mun haƙa rami a bayan katanga.

Abin da ya cece sauran: na dakatar da abinci kwata-kwata tun Laraba da rana, sannan muka ɗauki 'yan ga-ruwa uku suka yi ta jigila da kura har la'asar, muka sauya rabin ruwan kowane tanki. Da na tsayar da abincin tun Litinin, da ban rasa ko rabin wannan ba. Kifi yana iya kwana uku bai ci ba lafiya lau, abin da ba ya iyawa shi ne ya ci a ruwan da ba za a sauya ba.

Ba zan ce tsutsa ce ta sa na yamma suka fi tsira ba. Tankin gabas ya fi cin abinci, ya fi nauyin kifi, don haka ya fi ƙazanta. Bayanin ke nan mafi sauƙi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Maƙwabcina na kudu ya yi sallama bayan Magariba. Cikin ladabi ya yi maganar, amma ya yi ta: ruwan da nake saki yana bin kwata ya taru a ƙofar gidansa, ga wari ga sauro. Gaskiyarsa. Ruwan nan kore shar, cike da taki, in ya sami hanyar rafi gansakuka zai haifar ya shaƙe abin da ke ciki. Ina ta tausayin teku, kwatar unguwa ban duba ba.

Mun ja bututu zuwa filin da ke bayan tankunan, muka yi kunya takwas: alayyafo, latas, albasa, tumatir. Na ce wa maƙwabcin kunya biyu nasa ne.

Na kuma karɓi bashi a ƙungiyar malamai na sa faifan sola uku da ƙaramin famfo. Da shi ya kamata in fara tun kafin in sayi kifi ko ɗaya.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na dawo daga Yauri, bikin 'yar Kawu. Jiya da sassafe na bi shi bakin ruwa muka tsaya ana sauke kamun dare. Jirage da yawa, kifi kaɗan. Karfasa irin tafin hannun yaro, ƙurungu, 'yan kawara. Giwan ruwa ɗaya na gani a duk safiyar, bai kai tsawon hannuna ba, dillalai uku suna ja-in-ja a kansa. Gefe guda an shanya warangi a kan tamfol, fili guda yana ƙyalli.

Kawu ya girmi tafkin. An gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Busa da gungunan da mutane ke zaune, aka tashe su. Ya ce shekarun farko kifi ya yi yawan da har ana rasa itacen banda, masunta suka yi ta zuwa daga ko'ina. Ya nuna mini kallin da yake amfani da shi yanzu, ya zura yatsu biyu a idon. Ya ce na mahaifina hannu guda yake shiga. "Kowa ya rage ido, in ka ƙi ragewa ka dawo da jirgi wayam. Ni ma na rage."

Na kawo masa zancen Argungu, inda ake hana taɓa ruwan Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake fito da manyan kifaye. Ya ce wannan guntun kogi ne mai mai shi, sarki ya ce a bari, an bari. A nan kuwa ruwa ya haɗa jihohi biyu, Kebbi da Neja, baƙo ya fi ɗan gari yawa, Sarkin Ruwa zai yi magana a ƙauyensa a ji, amma jirgin da ya taso daga wancan ƙetaren da injinsa ba ya jin kiran kowa. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa tana nan New Bussa a bakin tafkin, ilmin ba shi ne ya yi ƙaranci ba.

Na nuna masa bidiyon tsutsa a waya. Ya kalla sau biyu. Bai yaba ba, bai kushe ba. Tambaya ɗaya ya yi: ko za ta kama a ƙugiya.

A hanyar dawowa, a tasha, abin da mai soya kifi take sayarwa kifin ƙanƙara ne, irin na kwali da ake shigowa da shi daga tekun Turai. A Yauri.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Ma'aunin zafi ya nuna 19 a ruwan da asuba, tarwada kuwa ta fi son 26 zuwa 30. Sun kwanta a ƙasa, abincin safe yana yawo a sama ba mai taɓawa. Na mayar da ciyarwa ƙarfe 12 da ƙarfe 4, na rufe tankunan da leda da dare.

Ƙudajen ma sun yi yaji. Hazo ya tare rana, iska ta bushe, sun lafe a jikin raga ba sa barbara. Kwalayen da nake cirewa cike da ƙwai duk kwana biyu yanzu wayam. Tsutsar da ke robobi tana ɗaukar kusan mako uku kafin ta kai girman da take kaiwa a kwana 12. Tun ranar 10 ga wata tankin yamma ya koma abincin buhu kusan zalla. Wanda ya ce maka tsutsa za ta riƙe ka shekara zagaye a ƙasar Kano, tambaye shi me yake yi a Disamba.

Alayyafo kam ya yi kyau. An yanka sau biyu. Uwargida ta aika wa mahaifiyarta.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

An kwashe. Na hana su abinci tun Alhamis don cikinsu ya wanke. Dillalai biyu suka zo daga kasuwar kifi ta Galadima da bahunansu da nasu sikelin, na ce da nawa za a auna.

Gabas: kifi 376, kilo 327, sun ci buhu 25 tun ranar rabuwa.

Yamma: kifi 399, kilo 303, sun ci buhu 18, da ɗanyar tsutsa wajen kilo 230.

Kifin gabas ya fi girma, giram 870 a matsakaici, na yamma 760. Wannan ya taɓa ni a farashi, don dillali ya fi son mai kilo guda, ƙananan sai ya karya musu kuɗi. Na ƙi sayar da mafi ƙanƙanta guda 80, za mu yi bandarsu. Buhu 7 da na tsira da su sun rufe giɓin har da ɗan canji, in ban sa ladan wahalata da ta yaron a lissafi ba. In na sa, an tashi canjaras. Da siminti da sola da kifi 99 na Oktoba, zagayen nan bai mayar da kuɗinsa ba, ban kuma yi zaton zai mayar ba.

Tanki ɗaya da tanki ɗaya ba bincike ba ne, balle ga mutuwar da ta shiga tsakani, ga makonni biyar na hunturu da gwajin ya tsaya. Abin da zan iya cewa kawai: an rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abincin buhu, kifin bai lalace ba.

Da dare uwargida ta yi farfesu da biyu, ɗaya daga kowane tanki, ba ta gaya mana wanne ne wanne ba. Na yamma ya fi kitse a ciki, wannan na gane tun wurin gyara. A baki kuwa ni da yaron duk mun canka ba daidai ba. Ita ta ci na gabas.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Bandar ta kwana biyu a kan wuta, da itacen mangwaro, ba a sa mata komai ba sai gishiri. An sayar da rabi a makaranta, sauran na ajiye wa azumi.

An wanke tankuna, suna shan rana. Zagaye na biyu zan zuba a tsakiyar wata, don girman ya faɗo cikin zafi, lokacin da ƙuda ke ƙwai. Tankin gabas zai ɗauki tarwada 400, a kan tsutsa da abincin buhu tun daga wata na biyu. Na yamma karfasa zan gwada, tunda ita tana cin ganye da dusa, buƙatarta ga garin kifi kaɗan ce. Sai dai ba ta shaƙar iska kamar tarwada, dole in nemo ɗan injin hura iska da sola za ta iya ɗauka, kuma dole in nemi zalla maza, in ba haka ba su cika tankin da 'ya'ya ba wanda zai girma.

Kejin ƙudaje zan mayar da shi jikin bangon kicin ta kudu, in lulluɓe shi da farar leda. Matan awara sun ce daga yanzu dusa ba kyauta ba ce, mun daidaita a kan bokiti. Kawu ya aiko a gaya mini in kai masa tsutsa cikin gwangwani in zan je Sallah, ya ce da rai yake so, kada in busar.